Daga Kano Zuwa Kaduna A Cikin Kaka: Tsohuwar Mota Ba Ta Ɓoye Ciwonta

A wannan watan ki yafa mayafinki ki fito, rakiya za ki yi mini daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, a cikin tsohuwar motar gidanmu wadda yara suka laƙaba wa suna Kaka. Dalilin tafiyar kuwa shi ne wata Laraba da asuba, cikin watan Maris, aka bugo waya cewa 'yata ta fari da ke aure a Tudun Wadan Kaduna ta sauka lafiya. Haihuwar fari ce, kuma ke ma kin san yadda zuciyar uwa take a irin wannan rana, jiki yana Kano, hankali ya riga ya isa Kaduna. Muka tsai da shawarar kama hanya washegari, ni da maigida da ɗanmu saurayi da ƙannensa biyu.

Kaka dai Peugeot 504 ce, irin wadda muke kira Fijo, fara, haɗin Kaduna. Ta haura shekara 20 a hannunmu, mu ma kuma a hannu muka saye ta. Ita ta kai ni asibiti haihuwar auta, ita ke ɗauko mana hatsi daga ƙauye, ita ta kwashi kayan jeren wannan yarinya da za mu je gani. Na san za ki ce, to ina ruwan mace da injin mota, ai wannan harkar maza ce? Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Nawa dai in shiga, in gyara zama, in ce Allah Ya kiyaye hanya.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne wata shekara muna dawowa daga biki a Katsina, yara duk ƙanana. Gab da magariba, a tsakiyar daji, motar ta ɗauki zafi. Maigida ya fita cikin gaggawa ya murɗe murfin lagireto, tafasasshen ruwa ya yi tsartuwa ya wanke masa hannu, har yau tabon yana nan. Muka ƙara ruwa muka ci gaba da lallaɓawa, ba mu yi nisa ba injin ya buga. A wani ƙauye muka kwana, a gidan mutanen da ba mu taɓa gani ba, Allah Ya saka musu da alheri, gyaran kuwa sai da ya cinye kuɗin makarantar yara na zango guda. Da bakanike ya duba sai ya ce tiyon ruwa ne ya daɗe yana yoyo. Nan gabana ya faɗi, domin kuwa ni ce na fi mako biyu ina share wani jiƙaƙƙen wuri mai tsatsa a inda motar ke kwana, ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Tun daga ranar na gane cewa kafin mota ta mutu a hanya sai ta daɗe tana kuka a gida, kuma sau da yawa uwargida ce ta fi kowa kusa da jin kukan.

Minti goma a tsakar gida

Saboda haka da yammacin Larabar, bayan na gama haɗa kayan mai jego, su gero da kanwa da yaji da turaren wuta, sai na kira saurayin muka fita wurin mota. Abu na farko, ki sa a gusar da ita ki dubi ƙasan inda ta kwana, kamar yadda kike duba shimfiɗar yaro da safe. Baƙin ɗigo mai maiƙo, baƙin mai ne. Ruwa mai launin tsatsa, ko kore, ko ja, daga lagireto yake. Wanda ya fi haɗari shi ne mai santsi mai kama da man gyaɗa a kusa da taya, wannan man birki ne, idan kika gan shi to a fasa tafiya har sai an gyara.

Daga nan sai a ɗaga bonet a zaro gejin baƙin mai, ɗan siririn ƙarfen nan mai zobe a kai. Motar ta kasance a shimfiɗaɗɗen wuri, injin kuma a huce. A goge gejin da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Akwai alamomi biyu a jikinsa, so ake man ya tsaya tsakaninsu, kusa da ta sama. Ki murza shi a yatsa, in ya yi kauri kamar kwalta ko kina jin yashi-yashi, lokacin juye ya wuce. In kuwa ya koma launin shayi mai madara, ruwa ne ke shiga cikinsa, galibi gasket ne ya ƙone, wannan kuma sai bakanike.

Ruwan lagireto ma sai injin ya yi sanyi ake duba shi. Mu da muka saba ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse, mu tuna da butar shayinmu da farin ɓawon nan da ke kamawa a gindinta. Haka yake kamawa a 'yan siraran hanyoyin lagireto har ya toshe su. Gara a sayi ruwan lagireto na galan mai launi, wanda ke hana tsatsa. Ki matsa baƙaƙen tiyo biyun nan, na sama da na ƙasa, in sun yi laushi sun kumbura, ko sun bushe suna tsattsagewa, a canza su. Sai ɗan kofin man birki, shi ma yana da alamarsa. Ki sa a taka birkin, ya kamata ya tsaya da ƙarfi ƙarƙashin ƙafa. In yana nutsewa kamar an taka soso, ko iska ta shiga ko man yana zuba.

Sai taya, wadda ita kaɗai ce tsakanin 'ya'yanki da kwalta. Ki durƙusa ki nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, a ƙarshen layin za ki ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, domin roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, balle a zafin rana irin namu. Ki lura da ƙari ko tsaga a gefe. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, ƙafar motar ce ke son saiti. Iska kuma da safe ake auna ta kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, yawancin ƙananan motoci a wajen 30 suke. Kada a bar mai faci ya yi ta bugawa har sai ta yi tauri kamar dutse. Safaya ma a auna ta, don ita aka fi mantawa.

A wannan duban ne idona ya kai kan fanbel, baƙar igiyar robar da ke gaban injin. Ƙa'ida, in kika danna tsakiyarta da babban yatsa kada ta lotsa fiye da kimanin santimita 1. Tamu ta lotsa sosai, cikinta kuma duk ya tsattsage kamar faso. Na gaya wa maigida, ya leƙa ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai za ta kai mu ta dawo da mu." Ban ja da shi ba, ke ma kin san ba a bakin ƙofa ake cin gardama da maigida ba. Na dai zaro kuɗi daga na cefane na aiki saurayin Kasuwar Ƙofar Ruwa, na sa ya kwafi lambar da ke jikin tsohuwar don kada a ba shi wadda ba girmanta ba. Da ya kawo na cusa ta cikin buhun gero na ja bakina.

Daga Na'ibawa zuwa Kwanar Dangora

Ƙarfe 7 na safe muka bar gida. Muka ratsa Na'ibawa, inda ƙamshin lemo da ayaba na kasuwar 'Yan Lemo ke biyo mutum har cikin mota, muka haye gadar Tamburawa, gari ya fara buɗewa. In kin daɗe ba ki bi wannan hanya da rani ba, ki buɗe ido daga Kura zuwa Kadawa. Ko'ina a Arewa ya bushe ya yi fari, amma nan kore ne shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, wanda ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir. A Kwanar Gafan kuwa kwandunan tumatir ne jibge a bakin titi, ja wur, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Na sa aka tsaya na sayi na miyar suna.

Titin kansa ya yi kyau tun bayan sake gina shi da aka fara a 2018, kuma kyawun nan shi ne jarrabawar tsohuwar mota, domin sumul ɗin kwalta yana jan ƙafar direba. Iyakar gudun ƙaramar mota ta gida a irin wannan tagwayen titi kilomita 100 ne a awa, Kaka kuwa ta fi jin daɗin 80 zuwa 90. Ni a irin wannan tafiya nakan sa a rage rediyo lokaci zuwa lokaci, in saurara. Ƙara mai tsini kamar kukan ɓera daga gaba, musamman in an taka totur, fanbel ne ke sulɓi. Gurnani daga wajen taya mai ƙaruwa da gudu, boris ne. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe in an taka birki, takalmin birki ya cinye. Hanci ma yana da aiki, warin fetur, ko ƙaurin roba, ko na waya, babu wanda ake cewa bari mu isa tukuna.

Mun wuce Ciromawa da Dakatsalle ina jin wannan kukan ɓeran yana zuwa yana ɗaukewa. Muna barin Kwanar Dangora kaɗan sai muka ji wani fat daga gaba, kukan ya tsaya cak. Na miƙa wuya na dubi dasbod, jar fitila mai hoton batir ta kama, allurar zafi kuma ta fara hawa. 'Yar uwa, ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. In waɗannan biyun suka zo tare, fanbel ya tsinke, domin a irin wannan mota shi ke juya famfon da ke zagaya da ruwa, shi ke juya fanka, shi ne kuma ke juya abin cajin batir. Injin da ruwa ba ya zagaya shi 'yan mintoci kaɗan yake buƙata ya ƙone. Na ce, "Malam, don Allah ka sauka gefe ka kashe ta." Ya ce bari mu ƙarasa Tashar Yari inda akwai kanikawa. Ban ce komai ba, na dai dubi tabon da ke hannunsa a kan sitiyari. Shi ma ya dube shi. Sai ya sa sigina.

Muka sauka daga kan kwalta sosai, na fitar da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi, na zaunar da su a inuwar wata darbejiya nesa da motar. Saurayin ya kai alamar nan mai kusurwa uku can baya. Aka ɗaga bonet don iska ta shiga, amma babu wanda ya taɓa murfin lagireto. Dalili kuwa, ruwan ciki a matse yake kamar na tukunyar nan mai dafa ganda da wuri, zafinsa yakan wuce na tafasar ruwan shayi bai tafasa ba, da an buɗe sai ya yi bindiga gaba ɗaya. A ba shi aƙalla minti 30, sannan a ɗora tsumma mai kauri a murɗa kaɗan, a bar huci ya fita. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a injin mai zafi, yana iya tsaga shi kamar kofin gilas.

Maigida yana tsaye yana lissafin yadda za a sami ɗan acaɓa zuwa neman fanbel, sai na ce wa saurayin ya buɗe buhun gero. Da ya zaro ta, Malam ya yi shiru, can ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Aikin bai kai yadda kike zato ba. An sassauta notunan da ke riƙe abin cajin batir, aka tura shi ciki, aka ɗora sabuwar igiyar a kan ƙafafunta, aka ja shi baya har ta yi tauri daidai, aka ɗaure. Muka cika ruwa daga jarkar da ba ta barin but, aka tayar, jar fitila ta mutu, allura ta koma tsakiya. Duka-duka awa ɗaya muka yi asara.

Zariya, da amfanin kanwa

Da azahar muka shiga Zariya ta wajen Kwangila, ga dutsen Kufena can yana hango gari. Muka tsaya muka yi salla, yara suka ci abinci. Da muka dawo Malam ya murɗa makulli sai muka ji ƙyat, ƙyat, shi ke nan. Nan take samari suka taso, wannan ya ce kik ne, wancan ya ce batir ya mutu a sayi sabo. To ga yadda za ki rarrabe da kanki. Ki sa a kunna fitilun gaba a danna ham. In fitila ta yi dishi-dishi, ham kuma ya shaƙe, to wuta ce ba ta isowa, ko batir ya yi sanyi ko kawunansa ba su kama ba. In fitila tana da ƙarfi amma makulli ba ya juya injin, a tuhumi kik. In kuwa injin yana juyawa sosai amma ya ƙi kamawa, to ko fetur ba ya zuwa, ko fulogi ba ya ba da wuta.

Tamu fitilar kamar aci-bal-bal. Da aka duba batir sai ga kawunansa biyu sun yi furfura, wani gari fari mai kore-kore ya lulluɓe su, ɗaya ma har yana motsi a hannu. A nan kam laifina ne, jiya ban kai ido wurin ba. Wannan gari aikin ruwan batir ne mai cin ƙarfe, abin da ke kashe kaifinsa kuwa yana cikin kayan mai jego. Na ɓantari kanwa na jiƙa a ruwan ɗumi da muka roƙa wurin mai shayi. Aka fara cire wayar da ke da alamar ragi, sannan mai alamar tarawa, haka ƙa'idar take don kada sifana ta haɗa wuta. Muka goge da tsohon buroshin haƙori, yana ta kumfa, muna kiyaye kada ruwan ya shiga ramukan batir ko ya taɓa ido. Aka share ya bushe, aka fara mayar da ta tarawa, sannan ta ragi, aka ɗaure tam, aka shafa ɗan man basilin. Murɗawa ɗaya Kaka ta amsa. Mai shayin ya riƙe baki ya ce, "Hajiya, ashe kanwa ba kunu kaɗai take yi ba."

Daga Zariya saura kimanin kilomita 80. Muka wuce Jaji, garin sojoji, muka lallaɓa ta tsakanin tireloli da tankoki a Mararrabar Jos, muka bi Rigachikun, sai ga gadar Kawo. Kafin la'asar sakaliya jikata tana hannuna. Na dubi agogo na tuna cewa da babu igiyar nan ta cikin gero, da wataƙila dare ne zai same mu da yara a bakin titi, abin da babu uwar da ke so a wannan zamani.

Panteka

Kwana biyu kafin suna na ce a kai Kaka a duba ta sosai kafin komawa, na kuma ce da ni za a je. Surukina ya raka mu Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Uwargida, in kin zo Kaduna ki roƙi a kai ki, gani ya kori ji. Tun daga nesa ƙarar guduma ke tarbar mutum. Nan ana narka tsohon alminiyam ana zuba tukwanen biki, can ana ƙera injin markaɗe da ƙofofi da murhun gawayi, ga tartsatsin walda, ga yara masu koyon sana'a suna kai da komo da baƙin hannu. Abin da aka yar a wani wuri, a nan ake ba shi rai na biyu.

Bakaniken da aka kai mu wurinsa dattijo ne, ya ce a kan Fijo ya buɗe ido. Bai taɓa sifana ba sai da ya sa aka tayar da ita ya zagaya baya ya tsaya kallon hayaƙi. Ya ce, "Hajiya, hayaƙi kala uku ne. Shuɗi, tana shan baƙin mai, ringi ya gaji. Baƙi, fetur ya yi wa iska yawa, ko kafireto ko matatar iska. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi ɗumi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba." Namu baƙi-baƙi ne. Ya zaro matatar iska ya buga ta a ƙasa, ƙurar hunturun bana gaba ɗaya ta tashi. Ya ce mota mai kafireto in hancinta ya toshe sai ta rama da shan mai, haka ma in taya ba ta da isasshiyar iska ko fulogi ya tsufa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ke da ke riƙe da lissafin gida kin san abin da lita guda ke nufi.

Ya ba mu ƙa'idarsa ga tsohuwar mota a ƙasa mai ƙura. Juye duk bayan kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, kuma a canza matatar man tare. Man birki a sabunta shi duk shekara 2, domin yana tsotsar danshi. A guji fetur na bakin titi, a kuma riƙa canza 'yar matatar fetur, don tsohon tanki ba ya rasa tsatsa, ita ce ke sa mota shaƙewa in an hau tudu.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali sai da ya shiga ƙarƙashi ya gano shi, wata 'yar huda a salansa, daidai saitin kujerar baya. Sai na tuna auta ta yi ta kukan ciwon kai daga Jaji, na ɗauka rana ce. A cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. Tsohuwar mota mai ruɓaɓɓen ƙasa ko tsohuwar robar but tana iya shigo da ita ciki. Don haka in ƙarar salansa ta sauya, a gyara da wuri. In yara sun yi laushi gaba ɗaya a mota, ki sauke gilas, a tsaya su sha iska. Kada kuma a bar injin yana aiki a rufaffen gareji. Nan take aka yi mata walda.

Kafin mu tafi na fito da ɗan littafina, irin na adashi, wanda nake ajiyewa a aljihun gaban mota. Na rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da abin da aka canza, da kuɗinsa. Wannan littafi ya sha raba gardama tsakanina da maigida, ya kuma hana a sayar mana da abu ɗaya sau biyu. Ki saba da neman a ba ki tsohon abin da aka cire, ki kuma tambayi dalili kafin farashi. Bakanike na gari ba ya jin haushin tambaya.

Mahaifar Kaka

Da muka fito sai Malam ya ce tunda mun zo, bari Kaka ta gaida gida. Muka haye Kogin Kaduna zuwa Kakuri, unguwar masana'antu, muka wuce gine-ginen masaƙun da suka daɗe da yin shiru, har muka iso bakin kamfanin haɗa motocin Peugeot, wanda aka kafa a 1972 ya fara fitar da mota a 1975. Ita 504 a Faransa aka fara yin ta a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975. Faransa ta daina ƙera irin tamu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar ofis, ita ce ta tasha, ita ce ta ɗaukar amarya, shi ya sa har yau kayan gyaranta da masu gyaranta ba su yi wuya ba. Taki motar wataƙila Toyota ce ko Honda 'yar Kwatano, mai kwamfuta a ciki, amma ita ma mai take sha, ruwa take so, a kan roba take tafiya.

Ba cewa nake ki zama bakanike ba, 'yar uwa, ko ki ƙwace wa maigida makulli. Minti goma kawai nake roƙa miki a jajibirin kowace tafiya, da ido da kunne da hancin da kike gane zazzaɓin yaro da su tun bai kwanta ba. Ki tabbata but bai rasa safaya mai iska, da jak, da sifanar taya, da fanbel, da jarkar ruwa, da litar baƙin mai, da tocila, da abin kashe gobara ba. Ki adana lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, a wayarki. Yara a kujerar baya, kowa ya ɗaura bel, a kuma fita da wuri don a isa da rana.

Bayan suna muka juyo Kano da mai jego da jaririyarta don wankan gida. Har muka iso Na'ibawa allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba, ni kuwa ido ɗaya yana kanta, ɗaya yana kan jikata da ke barci a cinyar uwarta. Gobe da safe in kin fito shara, ki dubi ƙasan motar gidanku. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.